RANAR DA SHANTU YA SHIGO MAKARANTARMU

Ina neman a ba ni ɗan fili in yi bayani a kan wani abu da ya auku a makarantarmu a shekarar karatu da ta wuce, wanda har yau ba a daina zancensa a ɗakunan kwana ba. Abin nan kuwa shi ne shantu.

Na san wasu daga cikin iyayenmu mata za su yi dariya su ce, "Shantu kuma? Ashe akwai 'yar Hausa da ba ta san shantu ba?" To, akwai, kuma muna da yawa. Ran da Malamar Hausa ta tambayi ajinmu ko wa ta taɓa ganinsa, mu arba'in da biyu ne zaune, amma huɗu kaɗai suka ɗaga hannu, biyu daga cikinsu ma a talabijin suka gan shi. Wata ta ce ai sunan wata atamfa ne, aji ya fashe da dariya. Malama dai ba ta yi dariya ba. Ta ce duk wadda ta san akwai shantu a gidansu ta aika a kawo mata aro. Ni kuwa sai na tuna da wani dogon abu da ke rataye a bangon ɗakin Kakata, can sama da jeren kwanukanta, wanda tun muna ƙanana aka hana mu taɓawa. Na roƙi Malama aron wayarta na gaya wa Baba.

Na zaci Baba zai naɗe shi a takarda ya kawo ranar ziyara. Ashe Kaka ta ce shantunta ba ya zuwa ko'ina sai da ita. Ranar ziyara ina tsaye bakin ƙofar makaranta sai ga ta ta sauko daga mota, tana dogara sanda, ta rungume wani abu naɗe cikin tsohon zane kamar mai riƙe da jariri. Ba zan ɓoye muku ba, kunya ta kama ni. Iyayen wasu sun zo da kulolin abinci da lemon kwalba, ni kuwa tawa ta zo da duma. Da ta hango ni sai ta ce, "Kishiyata, me kike noƙe-noƙe? Zo ki kai ni wurin malamar taku." Yanzu in na tuna da wannan rana, kunyar da na ji ita ce take ba ni kunya.

Daga ina shantu yake fitowa?

Shantu ɗan duma ne. Duma kuwa tsiro ne mai yaɗo da ake shukawa da damina, ya bi ƙasa, ko ya hau danga ko rufin ɗaki. Ganyensa faffaɗa ne, furensa fari, kuma da yamma yake buɗewa. Iri-iri ne, kowane iri da siffar 'ya'yansa. Daga gare shi ake samun ƙwarya da masaki da ƙoƙo da ludayi da gora, har da zungurun da amarya kan zura hannu a ciki in an sa mata lalle. Irin da ke yin dogayen 'ya'ya sirara shi ne ke ba da shantu. Kaka ta ce ɗan da ya kwanta a ƙasa yakan lanƙwashe, amma wanda ya yi reto daga kan danga ko reshen itace, nauyinsa kan ja shi ya miƙe sak, shi ne kuwa ake nema.

Malamin Aikin Gona ya ƙara mana da cewa duma yana cikin tsire-tsire na farko da ɗan Adam ya fara nomawa. Asalinsa nan Afirka ne, amma masu haƙar kayan tarihi sun sami ɓawonsa a wani kogo a ƙasar Meziko, wanda ya kai kimanin shekara 10,000. Watau tun kafin mutanen can su san ginin tukunya suna da ƙwaryar shan ruwa.

Ba a tsinke ɗan duma sai ya ƙosa, igiyarsa ta bushe, wajen lokacin kaka. Sa'an nan a yanke kansa, a zazzage iri a adana, a ɗura masa ruwa a bar shi kwanaki har totuwar da ke ciki ta ruɓe. Sai a sa dogon tsinke a kankare cikin sosai, a yanke gindin, ya zama yana da baki biyu, sama da ƙasa. A inuwa ake shanya shi, domin rana mai tsanani takan tsaga shi. Bayan ya bushe sai a goge bayansa, a yi masa zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi, wasu su shafa masa mai don ya yi sheƙi. Kun ga ke nan aikin wata da watanni ne. Uwar da ke son 'yarta ta tafi ɗakin miji da shantu, tun da damina take fara shiri, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake kaɗa shi

Aka shimfiɗa wa Kaka tabarma a gindin dalbejiyar da ke gaban ajinmu. Ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗan janye zane daga kan cinya guda, ta riƙe shantun da hannun hagu wajen tsakiyarsa. Ta buga bakin ƙasa a kan cinyarta, sai muka ji wani sauti mai kauri, dum, kamar daga cikin rijiya. Ta mari bakin sama da tafin hannun dama, sai wani sautin daban ya fito. Ta ƙwanƙwasa jikin duman da zobban da ke yatsunta, suka ba da ƙara siririya, ƙas ƙas. Muryoyi uku ke nan daga abu guda, ba fata, ba tsirkiya, ba busa. Daga nan ta shiga haɗa su, cinya, tafi, zobe, tana rage bakin sama da hannu tana buɗewa, har shantun ya zama kamar yana magana. Kafin a jima iyaye mata sun bar kulolinsu sun kewaye mu. Wata daga cikin masu dafa mana abinci, wadda shekara uku ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo ba, ta ajiye muciya ta zo ta durƙusa ta ce, "Hajiya, ba ni in taɓa." Ashe gwana ce.

Ga mai kallo abin da sauƙi, amma da aka miƙo mana sai muka gane sai an gwada akan san na ƙwarai. In bakin bai zauna daidai a kan cinya ba, iska ta tsere ta gefe, ba abin da za a ji sai faf. In an buga da ƙarfi ainun, cinya ce za ta yi ja, sautin kuwa ba zai ƙaru ba. In an damƙe shi tamau, hannu ba zai sami saurin ɗagawa ba. Kaka ta ce, "Ba dukansa ake yi ba, lallashinsa ake yi." Sai da na yi kwana uku ina fama kafin na fitar da dum guda mai kyau.

Su wa ke kaɗa shi, kuma a ina?

Shantu kayan kiɗan mata ne, kuma na cikin gida. A ƙasar Hausa, a Nijeriya da Nijar, an san shi a wurin biki, musamman kwanakin da amarya ke cikin lalle, sa'ad da ƙawayenta da gwaggwanninta da innoninta suke zaune da ita. Ana kuma kaɗa shi haka kawai da dare, in an gama aikin gida an ci tuwo, mata biyu ko uku ko fi su zauna tsakar gida, kowace da nata, ɗaya na ba da waƙa saura na amshi. Sautinsa ba ya tafiya nesa kamar na ganga, shi ya sa ya dace da matan kulle. Waƙoƙinsa kuwa sun ƙunshi gargaɗi ga amarya a kan haƙuri da tsabta da zama da dangin miji, da begen iyaye ga wadda aka kai aure nesa, da yabon miji na kirki, da habaici ga kishiya ko ga miji marowaci. Abin da mace ba za ta iya faɗa da fatar baki ba, sai ta sa shi cikin waƙa, wanda aka yi dominsa ya ji daga zaure ya gyara.

A nan akwai wani bambanci da Malamar Hausa ta ce mu riƙe. Akwai makaɗan sana'a, waɗanda kiɗa shi ne abincinsu. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu ake yi masa kiɗa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, shi kaɗai yake kaɗa kuntiginsa, wanda ba kome ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da kiɗan ƙwarya na amada. Waɗannan duk an ɗauki muryoyinsu a faifai da kaset, ko yau aka so ji za a ji. Shantu kuwa galibi ba na sana'a ba ne. Matar malami na kaɗa shi, matar manomi na kaɗa shi, ba don a ba su ko kwabo ba. Yana cikin dangin waƙar niƙa da ta daɓe da luguden daka da gaɗar 'yammata a dandali. Irin waɗannan ba safai ake ɗaukarsu a na'ura ba, a cikin kan iyayenmu mata suke zaune. In tsohuwa ta rasu ba ta koya wa kowa ba, sun tafi ke nan tare da ita.

Abin da Malamin Fiziks ya nuna mana

Ana cikin wannan taro sai ga Malamin Fiziks zai wuce. Ya tsaya ya saurara, ya gai da Kaka, ya ce, "Hajiya, don Allah ki ara mana shi zuwa ɗakin gwaje-gwaje." Kaka ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, in za ka yanka shi ne ban yarda ba." Ya rantse aunawa kawai zai yi. Da ƙyar ta yarda ta bar shi a hannuna na mako biyu.

Ran Litinin Malam ya shigo da shi aji. Ya ce duk wani sauti da kunne ke ji girgiza ce. In an bugi ganga fata ce ke girgiza, in an ja goge izgar doki ce, in an busa sarewa iskar da ke cikin karan ce. Ya ce tun a 1914 wasu masana biyu a ƙasar Jamus, Hornbostel da Sachs, suka kasa kayan kiɗan duniya gida huɗu bisa ga abin da ke girgiza a jikinsu. Muka jera namu a kan allo. Gida na farko na masu fata, irin su kalangu da kotso da taushi da tambari. Na biyu na masu tsirkiya, irin su goge da garaya da gurmi da molo da kuntigi. Na uku na masu iska, irin su algaita da kakaki da sarewa. Na huɗu na waɗanda jikinsu da kansa ke ƙara, irin su kuge da caki da ƙwarya. Sai ya ce, "To, shantu fa, wane gida za ku sa shi?" Aji ya rabu biyu. Wasu suka ce gidan ƙwarya, tun da bugunsa ake yi. Wasu suka ce gidan sarewa. Malam ya ce kowa na da gaskiyarsa. Ƙarar zobe daga jikin duman take, amma dum ɗin nan mai kauri iskar da ke ciki ce ke yin sa. Don ya tabbatar mana, sai ya cusa tsumma a ciki ya ce in buga. Na buga, shantu ya zama bebe.

Sa'an nan ya yi mana lissafi. Sauti yana tafiya cikin iska kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, in ana zafi ma ya ɗan fi haka. Sa'ad da aka buga bakin ƙasa a kan cinya, iskar ciki takan matsu, matsin ya ruga zuwa bakin sama ya komo. In baki ɗaya a toshe yake ɗaya a buɗe, sai matsin ya bi tsawon shantun sau huɗu kafin girgiza guda ta cika. Muka auna na Kaka, santimita 68. Sau huɗu ya zama mita 2.72. Da muka raba 340 da 2.72 sai muka sami 125. Watau iskar da ke cikin shantun Kaka tana girgiza kamar sau 125 a kowace daƙiƙa. In kuwa an ɗaga shi daga cinya, bakunan biyu duk suna buɗe, sau biyu kaɗai matsin zai bi tsawon, sai girgizar ta ninka ta zama 250, murya ta yi sama. In an rage bakin sama da tafin hannu, muryar takan ɗan sauko. Wannan shi ne asirin maganar da muka ji shantun yana yi. Malam ya gargaɗe mu cewa ɗan duma ba miƙaƙƙen bututu ba ne, wani wuri ya fi wani faɗi, saboda haka lissafin kusa ne kawai. Ya kuma ce kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, ke nan shantu yana can wajen ƙasa, cikin masu kaurin murya.

Kashegari ya zo da ragowar bututun roba na famfo, muka yanka uku da zarto: santimita 68, da 51, da 34. Bisa lissafi za su ba da 125, da kimanin 167, da 250. Muka buga su a cinya, kunne ya gaskata alƙalami: gajere ya fi siririyar murya, dogo ya fi kauri. Darasin bututu mai toshe da mai buɗe yana cikin abin da ake tambaya a jarrabawar fita, kuma a da haddace shi muke yi kamar karatun aku. A gwajin ƙarshen zango da tambayar ta fito, na ga 'yan ajinmu suna buga biro a cinya suna murmushi. Da na ba Kaka labarin lissafin nan sai ta ce, "Ashe sai da ɗan nan ya je jami'a kafin ya san dogon shantu ya fi gajere kaurin murya?"

Taron iyaye da malamai

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba, kuma bai kamata in ɓoye wannan ba. Da labari ya kai gidaje, sai aka tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Baba ya halarta, shi ya ba ni labari. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Ranki ya daɗe, mun kawo 'ya'yanmu nan ne su zama likitoci da malamai. In kiɗa muke so su koya ai da mun bar su gida." Wani ya ce shi tsoronsa waƙoƙin, don wasu waƙoƙin biki akwai maganganun da ba su dace da bakin yarinya ba. Wani kuma ya kawo maganar addini. Waɗannan iyaye ba ƙiyayya ce ta sa su magana ba. Sun sayar da hatsi da dabbobi sun kawo mu nan, dole su tsaya su ga ba a shagaltar da mu ba.

Malamin Addini ya ce malamai sun daɗe da yin saɓani a kan kiɗa, kuma ba a wannan taro za a raba gardamar ba, amma abin da kowa ya yarda da shi shi ne a guji batsa, a guji cakuɗa maza da mata, kada kuma a shiga lokacin salla. Wata uwa ta miƙe ta ce ita abin da ke damunta daban ne. Ta ce 'ya'yan nan in sun zo hutu waƙoƙin da suke ji a waya ko rabinsu ba za ta iya maimaitawa a gaban surukarta ba, kuma ba wanda ya kira taro a kai. Ta ce in dai yarinya za ta yi waƙa, gara ta yi wadda kakarta ta tace.

Daga ƙarshe aka tsai da shawara huɗu. Za a riƙa yi ran Asabar kaɗai, bayan la'asar, na awa guda. Mata zalla, a cikin makaranta. Kowace waƙa sai Malamar Hausa ta duba ta tukuna. Duk yarinyar da iyayenta ba su yarda ba, ba za a tilasta mata ba, ba kuma za a yi mata gori ba. A ɗakinmu akwai mutum uku da ba sa zuwa, kuma zumuncinmu yana nan yadda yake.

Labarin wata ƙasa

Malamin Tarihi ya ba mu wani labari da ya sa na ƙara ganin girman abin. A tsibirin Tirinidad, can yankin Karebiyan, akwai jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A shekarun 1880 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka hana su kiɗan ganga a tituna. Sai suka shiga daji suka saro sandunan gora masu rami a ciki, dogaye da gajeru, suna buga su a ƙasa. Dogo ya ba da murya mai kauri, gajere siririya, daidai da dokar da muka gani a shantu. Daga baya, a shekarun 1930 da 1940, matasan unguwannin talakawa suka koma bugun gwangwanaye da durom na mai, suna lotsa gindinsa da guduma har kowane gurbi ya ba da muryarsa. A lokacin ana ganin masu wannan kiɗa 'yan iska ne, iyaye na hana 'ya'yansu kusantarsu. Amma a 1992 gwamnatin ƙasar ta ce wannan gangar ƙarfe ita ce kayan kiɗan ƙasa, ana koyar da ita a makarantu, kuma a 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 11 ga Agusta ta kowace shekara. Su da aka raba da ganga da ƙarfin doka sun nemo madadinta. Mu kuwa ba wanda ya hana mu shantu, mu ne muka rataye shi a bango muka manta.

Yadda shantun Kaka ya tsage

Saura kwana biyu wa'adin aro ya cika, na ɗora shi a kan gadona na sama na tafi ɗebo ruwa. Da na dawo na tarar ya gangaro ya faɗi a kan siminti, ya tsage daga bakin ƙasa kamar tsawon yatsa. Laifina ne, ba na kowa ba. Na buga shi a cinya, sai iska ta bi ta tsagar ta fita, muryar nan mai kauri ta tafi. Daren nan ban yi barci ba, domin Kaka ta gaya mini mahaifiyarta ce ta ba ta shi ran da za a kai ta ɗakin miji, yau shekara sittin da wani abu.

Baba ya ce kafin a gaya mata bari ya nemo wani. Ya zaga babbar kasuwar garinmu rumfa rumfa. Robobi ga su nan tuli, ƙwaryar fura da ludayi ma akwai kaɗan, amma shantu babu ko ɗaya. Masu ƙwarya suka ce ba mai tambaya, don haka manoma sun daina kawowa, sai dai a yi saƙo ƙauye a jira kaka. A bikin yanzu kuwa na'ura ake haya mai manyan lasifika. Ranar ce na gane abin da na fasa ba a sayensa da kuɗi a inda muke.

Da hutu na durƙusa gaban Kaka na faɗa mata gaskiya. Ta juya shi ta duba tsagar, ta daɗe ba ta ce kome ba. Can sai ta ce, "Shekara ashirin yana rataye ba mai taɓa shi, gara na jiransa. Gwamma da ya tsage a hannun jikata." Ta aika da shi wurin wani tsoho mai gyartai, ya ɗinke tsagar ya liƙe da kakin zuma. Muryar ta dawo, ko da yake ba kamar da ba. Ran da zan komo makaranta ta kira ni ɗaki ta kwance bakin zanenta ta ba ni wani ƙulli. Irin duman shantu ne, ta sa an nemo mata daga wurin ƙanwarta a ƙauye.

Da ruwa ya zauna muka shuka shi a bayan ɗakin girki, Malamin Aikin Gona ya sa aka kafa masa rumfar itace don 'ya'yan su yi reto. Da dogon hutu Baba maigadi ne ya kore masa awaki. Yanzu da nake wannan rubutu akwai 'ya'ya goma sha ɗaya suna lilo, mun auna mafi tsawo ya kai santimita 74, muna jiran igiya ta bushe. Kafin nan da bututun roba muke koyo, kuma duk wadda ta ji na duma ta san akwai bambanci.

Roƙona

Ga 'yan'uwana ɗalibai, in kun je hutu ku duba bangon ɗakin kakanninku da ƙarƙashin gado da cikin rumbu. Wata za ta sami shantu, wata molo, wata sarewar kakanta. Ku tambayi sunansa da yadda ake yinsa, ku rubuta. Mu a ajinmu mun buɗe littafi guda, mun rubuta waƙoƙi talatin da huɗu daga bakin iyaye mata bakwai, da sunan garin da kowace ta fito. Kada ku ce sai wani hutun. Kakata ta haura tamanin, kuma akwai waƙoƙin da ta fara ta ce ƙarshensu ya ɓace mata.

Ga iyayenmu, muna godiya da shinkafa da ƙuli-ƙuli da kuke kawo mana ranar ziyara, Allah ya saka da alheri. Amma muna roƙo ku riƙa haɗo mana da abin da kuka sani. Kada uwa ta ce ita ba ta yi boko ba, me za ta koya wa 'yan sakandare. Kakata ba ta san ko bihim a boko ba, amma da shantunta aka koya mana darasin da ya gagare mu shekara guda.

Ga malamanmu kuma, muna fata abin da aka fara ba zai tsaya a kan shantu ba. Akwai lissafi a saƙa, akwai kimiyya a rini da jima da haɗa sabulun salo, kuma masu waɗannan sana'o'i suna cikin iyayen da ke zuwa taro suna zama a bencin baya ba su ce uffan.

In Allah ya kai mu ranar ziyara ta zango mai zuwa, muna sa rai shantunanmu sun bushe. Mun riga mun yi shawara na farkon da aka gama za a ba Kaka, ta ce ita kuma za ta zo ta ji ko mun iya. Duk uwar da ta iya kaɗawa muna gayyatarta gindin dalbejiya bayan la'asar, ta zo da zobbanta.

Nan zan dasa aya. Kuskuren da ke ciki nawa ne, a gafarce ni.

Daga wata ɗaliba 'yar Aji Biyar